Yadda Kwamanda Ya Hori Kofur

Kwamanda dai bai taɓa shiga soja ba. Gyaran fanka da dutsen guga yake yi a wani ɗan shago a bakin titi. Sunan kuwa shi ya raɗa wa kansa, tun lokacin da ya taɓa gadin wata ma'ajiyar siminti. Wai a can akwai manyan karnuka, kuma wai shi ne shugabansu. In ya fara ba da labarin, sai ka rantse karnukan nan har sara masa suke yi da safe. Waɗanda suka san gaskiyar magana sun ce karnukan na ma'aikatar da ke maƙwabtaka ne, da katanga a tsakani, kuma ko atishawa suka yi Kwamanda kan faɗa ɗakin gadi ya danna sakata.

To, ran nan sai ga shi ya shigo gidan hayar da suke zaune, rungume da kwalin fanka, kwalin yana motsi. Wani da ya kawo gyara ne ya ce karyarsa ta haihu, yana neman mai ɗauka.

Matarsa tela ce, tana da shago a kasuwa. Minista yake kiranta, wato ta harkokin cikin gida, domin a ɗakin nan ko kujera ba a matsarwa sai da izininta. Ta leƙa kwalin, ɗan kwikwiyo ja mai farin ƙirji ya leƙo ta.

Ta ce, "Wannan kuma mene ne?"

"Tsaro ne, Minista. Sunansa Kofur."

"Tsaron me? Me muka ajiye da ɓarawo zai ɓata darensa a kai?"

"Ke ba ki san harkar ba. Ni fa karnukan da suka fi ɗan maraƙi girma na juya da ɗan yatsa. Ki ba ni 'yan kwanaki, yaron nan zai riƙa buɗe miki ƙofa, ya ɗauko miki almakashi, in kin yi baƙi ya nuna musu wurin zama."

Yana cikin wannan jawabi Minista ta ji ana jan ƙafarta. Ta duba ƙasa. Kofur ya riga ya fito daga kwali, ya kama igiyar takalminta, yana ja da baya yana gurnani da 'yar muryarsa kamar an ba shi kwangila. Kafin a ɓamɓare shi igiyar ta tsinke.

Minista ta ɗaga takalmin ta nuna wa mijinta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Kwamanda tsoro ke nan.

"Ka ji ni da kyau. Takalmi na yafe. Amma ina kawo ɗinkin mutane gida. Ranar da haƙorin abin nan ya taɓa ɗinkin mutane, to ko ni ko shi a ɗakin nan."

Kwamanda ya bugi ƙirji. "Haba Minista! Cizon kwikwiyo? Wannan ai darasin ranar farko ne."

Darasin ranar farko kuwa shi ne tsohon takalmi. Kwamanda ya tara mutanen gida a tsakar gida ya yi musu bayani, cewa haƙora ke yi wa kwikwiyo ƙaiƙayi, in ka ba shi nasa abin taunawa ba zai kalli na kowa ba. Ya miƙa wa Kofur wani tsohon takalminsa da ya buɗe baki. Kofur ya tauna, ya ji daɗi, ya kuma fahimci darasin sarai: ashe takalmi abin ci ne. Kafin ka ce kwabo, duk wanda ya bar takalmi a ƙofar ɗaki sai ya fito ya tarar da ƙafa ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin tankin ruwa ya zama abin tausayi.

Mai aski, wanda ɗakinsa ke kusa da ƙofar gida, ya ɗago nasa da yatsu biyu. "Kwamanda, wannan a darasi na nawa yake?"

"Kai ba ka san harkar ba. Yana tantancewa ne. Sai ya ɗanɗana kowanne kafin ya gane nasa."

"To don Allah ka gaya masa nawa ba daɗi."

Wannan magana ta mai aski ita ta haifi dabara ta biyu. Ba daɗi! Kwamanda ya sayo jan barkono mai yawa, ya niƙa, ya kwaɓa da ruwa. Da sassafe kafin mutane su fito ya bi ƙafafun benci, da bakin tabarma, da mariƙin tsintsiya, da duk takalmin da ya gani a ƙofar ɗaki, ya shafe su tas. Bai gaya wa kowa ba, wai taimakon jama'a ba a yi masa shela.

Mai aski yana da faso a dunduniya. Ya zura ƙafa a silifa, ya yi taku kaɗan, ya tsaya. Sai ya fara wata irin rawa, ƙafa ɗaya sama ƙafa ɗaya ƙasa, yana kiran sunan Allah, har ya dangana da bokitin wankin wani ya tsoma ƙafafun duka biyu.

Gwaggo kuwa, wata dattijuwa da ɗakinta ke fuskantar tagar su Kwamanda, wadda ake kira Gwaggo Rediyo saboda labari ba ya kwana a bakinta, ta gama shara ta sa hannu ta murza ido. Ihun da ta yi har masu shaguna a waje sai da suka shigo.

Kwamanda ya fito yana ɗaga hannuwa. "Ku kwantar da hankalinku, jama'a, kimiyya ce! Zafin na ɗan lokaci ne, amfanin na har abada." Gumi ya karyo masa saboda bayani, ya sa tafin hannu ya share fuska tun daga goshi har haɓa. Sauran bayanin a bakin famfo ya ƙarasa shi, kansa a ƙarƙashin ruwa, yana ta sharɓe majina.

Shi kuwa Kofur, ya sunsuna ƙafar benci, ya yi atishawa guda, ya wuce abinsa. Ya shiga ɗaki ya samu wayar wata fanka da aka kawo gyara, wadda ba a shafa wa komai ba, ya raba ta gida-gida.

Da idonsa ya buɗe, Kwamanda ya ce kuskuren da aka yi shi ne ana yi wa kare magana da harshen mutane. Uwar kare, in ɗanta ya cije ta, gurnani take yi masa ta kama wuyansa, shi ke nan ya shiga taitayinsa. Saboda haka da yamma, mutanen gida na shan iska, ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa da hannuwa da gwiwoyi, ya tunkari Kofur yana yage baki yana "Grrrr!"

Kofur ya karkata kai ya dube shi. Murna ta kama shi, jela kamar za ta tsinke. Yau ga ɗan'uwa ya samu! Ya ja da baya, ya yi tsalle ɗaya, ya cafke hancin Kwamanda.

Aka yi ta zagaya tsakar gida, Kwamanda da rarrafe, Kofur a maƙale. Matan gida suka riƙe ciki. Gwaggo Rediyo, da idonta ɗaya har yanzu ja, ta ce ita yau ta huce. Mai aski ne ya manna masa filasta a hanci, yana yi yana cije leɓe.

"Kwamanda, tambaya ɗaya. A cikinku wa ke horon wani?"

"Ka yi dariyarka. Daga yau ba wanda zai ƙara ganin aikina. Sirrin sana'a ne, 'yan hassada sun yi yawa a gidan nan."

Haka kuwa aka yi. Horo ya koma cikin ɗaki, ƙofa a kulle, taga a rufe, murya ƙasa-ƙasa don kada a saci fasaha. Da rana in Minista ta tafi kasuwa sai ya rufe shago ya dawo, aljihunsa cike da 'yan yankan nama. Sabuwar dabarar mai sauƙi ce. In Kofur ya kama abu, Kwamanda zai raɗa masa, "Saki." In ya saki, a ba shi nama.

Da farko abin ya yi kyau har Kwamanda ya fara tunanin buɗe makaranta. Sai dai Kofur ba wawa ba ne. Ya lura cewa in yana kwance lafiya lau ba mai ba shi komai, sai ya kama wani abu nama ke fitowa. Sai ya mai da kama abu sana'a. Daga nan ya ƙara lura da wani abin. In aka ce "saki" ya ƙi, Kwamanda kan ƙara yanka ɗaya ya sake faɗa. In ya ƙara ƙi, a na uku duk abin da ke hannu ake zube masa. To wane mahaukaci ne zai saki a na farko? Kofur ya tsayar da farashinsa a na uku, ko sama da ƙasa za su haɗu.

Kwamanda ya gaya wa Minista cewa wannan ita ce ƙa'idar manyan karnuka, ba sa karɓar umarni sai an maimaita. Ta dube shi, ta dubi filastar hancinsa, ta ci gaba da lissafin awonta.

Ranar da abin ya faru, safiya ce mai zafi, an buɗe taga. Minista ta kwana biyu tana fama da rigar wata mata, leshi mai tsada mai duwatsu, wadda za a karɓa a ranar. Ta goge ta, ta buɗe akwati a kan gado za ta ninke ta a ciki. Gefen rigar ya sauko yana lilo. Kofur ya fito daga ƙarƙashin gado ya yi abin da aka koya masa.

Kwamanda ya manta da sirrin sana'a. Ya buɗe murya iya ƙarfinsa.

Ga abin da Gwaggo Rediyo ta ji, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa.

"Saki!"

"Wayyo Allah, ka kashe ni!"

"Na ce saki! Na biyu ke nan!"

"Duk wahalar da na sha! Me na yi maka a duniya?"

"Saki! Uku ke nan. Shi ke nan, an gama!"

Farantin shinkafa ya faɗi daga cinyar Gwaggo. Can sai ƙofa ta buɗe, Minista ta fito da akwati a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe, ta ratsa tsakar gida ba ta kalli kowa ba. Gwaggo ko mayafinta ba ta tsaya nema ba, ta yafa tawul ta fita ta ƙofar baya.

A cikin ɗaki kuwa Kofur yana cin ladansa, da ɗan guntun leshi a gefen baki. Kwamanda ya san ya taɓo babba, don Minista ta ce gidan yayanta za ta, kuma ya zauna da ɗan nasa su ci juna. Amma ya lallashi kansa cewa fushin Minista ba ya wuce la'asar. Ya gyara hula ya fita shago, yana fito.

A ƙofar gida mai aski ya tare shi, fuska a jiƙe da jimami. Ga mutane sun ɗan taru a bencin askin.

"Kwamanda, ashe abin da ya faru ke nan. Sai haƙuri."

Kwamanda ya ɗauka maganar riga ake yi. "Ba komai. Irin wannan sai namiji."

"Amma har uku? A lokaci guda?"

"To da nawa kake so? Ai ƙa'idata ke nan. Na farko ba a jin sa, na biyu gargaɗi ne, a na uku ake rabuwa."

Wani da ake yi wa aski ya ɗago kai da kumfa a haɓa. "Ba ka ko yi nadama ba, bawan Allah?"

"Nadamar me? Na daɗe ina gwadawa a ɗaki a hankali, kullum in ta tafi kasuwa. Yau ne kawai na ɗaga murya."

Aka yi salati.

Kwamanda ya ƙara da cewa, "Kuma da aka rabu, nan take na raba nama. Ni haka nake aikina." Ya wuce yana kaɗa makullin shago, yana jin daɗin yadda mutane suka buɗe baki suna kallonsa. Ya ce a ransa, sai yau suka san ko shi wane ne.

La'asar ta yi, Minista ba ta dawo ba. Washegari ma shiru. Ɗaki ya yi masa faɗi. Keken ɗinkinta na gida yana nan a lulluɓe, kofin shayinta a kife, ba mai ce masa ya ɗauke ƙafa daga kan kujera. Ya ɗora ƙafar, ya ji ba daɗi, ya sauke. A titi kuwa mata suna ganinsa suna tsaki, mai kantin da ke kusa da shagonsa ya ƙi amsa gaisuwarsa.

Sai ga waya daga Yaya Babba, wan Minista, direban babbar mota, ƙaton mutum da ba ya maimaita magana.

"Gobe da hantsi ina zuwa kwashe kayan ƙanwata. Tunda har nama ka raba, mun gode."

"Yaya, wane kaya? Wane..."

"Saki uku ka yi mata, unguwa duk ta ji. Ka shirya."

Ƙit, ya kashe. Kwamanda ya tsaya da waya a kunne. Maganganun da ya yi a bencin aski suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta fi ta baya muni. Ya zauna a ƙasa daɓas. Ya kira Minista.

"Minista, ke fa kin san da wa nake!"

"Ni dai na ji ka ce saki."

"Da Kofur nake!"

"To ka gaya wa Kofur ya dafa maka abinci." Ita ma ta kashe.

Tsoro na gaske ya kama Kwamanda, don duk cika bakinsa yana son matar nan kamar ransa, kuma ya san in ta tafi ba shi da sauran wani abin kirki. Amma mai hali ba ya rasa dabara. Ya ce matsalar ai cizo ce. In Yaya Babba da Minista suka zo suka tarar Kofur ya zama salihi, ba ya taɓa komai, zance ya ƙare. Kuma kare mai ƙoshi ba ya cizo. Da gari ya waye ya je wurin mahauci ya sayo nama da hanta da ƙashi, ya dafa, ya zauna yana ɗura wa Kofur. Kofur ya ci, ya ci, ya ƙara, har cikinsa ya yi tamtsan yana tafiya yana tangaɗi. Kwamanda ya yi masa wanka, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Yaya Babba ya shigo, matarsa Anti tana biye da shi don taya kwasar kaya, sai Minista a baya da akwatin nan, ta zazzage shi ta dawo da shi don ɗibar sauran tufafinta. Mutanen gida kuwa ba wanda ya je aiki a ranar. Har na maƙwabta sun shigo, wai sun zo ɗibar ruwa, ba ko bokiti.

Aka ba Yaya Babba benci. Kwamanda ya fito rungume da Kofur, ya shimfiɗe shi a gabansa, ya durƙusa.

"Yaya, barka da zuwa. Ga shi nan, ya tuba. Ka dube shi, ko ƙuda ba zai..."

"Ban zo ganin kare ba. Gwaggo, me kika ji?"

Gwaggo Rediyo ta gyara zama, ta kawo labari tiryan-tiryan, har da muryoyi, ta yi ta Kwamanda ta yi ta Minista. Mai aski ya ɗora da abin da aka faɗa a bencinsa, bai rage ko wasali ba.

Kwamanda ya ɗaga hannuwa sama. "Yaya, wallahi da kare nake!"

Yaya Babba ya miƙe rabi. "Au! Ƙanwar tawa ce kare?"

"A'a! Wannan karen! Wannan na kwance! Riga ya kama, nake ce masa ya saki. Ita kaɗai ce kalmar da ya sani, kuma sai an faɗa sau uku. Minista, don girman Allah ki yi magana!"

Minista ta dubi farcenta. "Ni dai Yaya, ina tsaye a gabansa na ji ya faɗa. Ban duba inda idonsa yake ba, kuka nake yi."

Yaya Babba ya koma ya zauna, ya harɗe hannuwa. "To. Ka ce kare ne mai cizo, sai an ce masa kaza yake bari. Ga mu ga shi. Ya ciji wani abu mu gani. In ƙarya kake, yau ko cokali ba zan bar maka ba."

Kwamanda ya ji sanyi a ransa. Cizo? Wannan ai kamar a ce wa kifi ya yi iyo ne. Ya juya ga Kofur.

Kofur ya yi barci. Ya baje a bayansa, ƙafafu huɗu a sama, ciki kamar ƙwallo, har da ɗan minshari.

Kwamanda ya cire takalminsa ya kaɗa masa a hanci. Shiru. Ya karɓi silifar mai aski, wadda Kofur ya fi ƙauna a duniya. Kofur ya buɗe ido ɗaya, ya rufe. Ya kawo wayar fanka, ya kawo tsintsiya, ya jawo bakin tabarma. Ya durƙusa da hannuwa da gwiwoyi ya miƙa masa hancinsa, yana "Grrr" da muryar roƙo. Ya buɗe bakin Kofur da hannu ya sa yatsansa a ciki.

"Ciji, Kofur. Don Allah ciji. Ɗan kaɗan. Ni ne fa, Kwamanda."

Kofur ya lashi yatsan, ya yi hamma, ya juya ɗaya gefen.

Mai aski ya share hawayen dariya. "Kai, Kwamanda, na sara maka. Horo ya yi kyau. Karen nan ya daina cizo har abada."

Gwaggo ta ce, "Ni tunda nake ban taɓa ganin dabba mai ladabi irin wannan ba."

Tsakar gida ta kwashe da dariya, amma Kwamanda bai ji ta ba. Idonsa ya cika da ƙwalla, yana durƙushe da silifa a hannu, yana kallon Minista. Ita kuwa ta kau da kai, ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Shi ya ɗauka kuka take yi, sai nasa hawayen suka zubo.

Yaya Babba ya ce, "An gama wasan yara. Ku shiga ku kwaso kaya." Ya miƙe, ya buga ƙafa a ƙasa don kakkaɓe ƙura, daidai kunnen Kofur. Kofur ya farka a firgice. Abin da ya fara gani shi ne ƙafar wando mai faɗi, sabuwa fil, tana lilo a gaban hancinsa. Ƙoshi daban, sana'a daban. Ya cafke.

"Kai! Kai! Tafi can!" Yaya Babba ya yarfa ƙafa, Kofur ya bi iska ya dawo yana maƙale. "Bari! Cika ni! Wuce!" Ko gezau. Ƙaton mutumin nan da ke juya babbar mota da hannu ɗaya ya shiga tsalle da ƙafa ɗaya, yana zagaya benci, wando yana ƙara zamewa daga ƙugu. Anti ta ruga ta riƙe hannuwansa don kada ya faɗi, suna fuskantar juna.

"Kai, mai kare! Yi masa magana mana!"

Kwamanda ya kama bakinsa da hannu biyu. Ta tsakanin yatsu ya ce, "Yaya, ni da kalmar nan har abada. Matata tana tsaye."

Ƙyaaat! Ɗinkin wando ya fara buɗewa. Yaya Babba ya ga abin zai kai ga tonon asiri a gaban jama'a. Ya rufe ido, ya ƙanƙame hannun Anti, ya kwarara ihu a fuskarta.

"Saki!"

Gwaggo Rediyo ta ɗaga yatsa ɗaya. Kofur ya ƙara dasa haƙora.

"Na ce saki!"

Yatsa biyu.

"SAKI!"

Kofur ya buɗe baki, ya zauna a kan gindinsa tsaf, ya ɗaga kai yana kaɗa jela, yana jiran a biya shi.

Gwaggo ta juya yatsunta uku ta nuna wa na dama, ta nuna wa na hagu.

Yaya Babba ya buɗe ido, ya ga fuskar wadda yake riƙe da ita. Ya dubi yatsun Gwaggo. Ya saki hannun Anti da sauri, ya kama wandonsa.

"Jama'a, ku shaida, da kare nake!"

Anti ta riƙe ƙugu. "Au! Ni ce karen?"

Nan Minista ta kasa. Dariyar da take dannewa tun ɗazu ta ƙwace, ta zauna a kan akwati tana buga cinya, hawaye na zuba, tana nuna yayanta tana nuna mijinta. Mai aski ya kwanta a kan benci. Kwamanda ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwa, ya share ido, ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa.

"Kun dai gani da idonku. A na uku cif. Wannan shi ake kira horo. Ni fa tun ina ma'ajiyar siminti..."

Minista ta ce, "Rufe mana baki, ka je ka ɗora ruwan shayi. Kuma daga yau ɗan naka a waje zai kwana, in ka yi musu ka bi shi."

"An gama, Minista!" Ya ruga ɗaki har yana tuntuɓe.

Anti kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ratsa ta gaban mijinta ba ta dube shi ba, ta tsaya a kan Minista ta miƙa hannu.

"Ƙanwata, tashi ki ara mini akwatin nan, tunda ke kin gama da shi."